Berangan a Gonar Malam

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
9 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Yaya Abdulwahidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Halimatu da yara da duk mutanen Nguroje. Tunda kunnenka ya daina shiri da waya, ga takarda na rubuta da hannuna. Zan ɗauki hotonta in turo wayar Halimatu, ka sa tabarau ka karanta, kai ma ka amsa ta haka.

Gwiwa an yi aiki, alhamdu lillahi. Sun sa mini sabon ƙarfe kamar tsohuwar tirela. Likita ya ce babu hawa jirgi sai bayan wata biyar. Wata biyar, Yaya! Ni da tun ranar da na ajiye littafi a aji uku na bi motar Gembu ban taɓa kwana uku a zaune ba. Ga ni a bene hawa na goma sha biyu ina ƙirga jiragen ƙasa ta taga. 'Yata Zuhra ta tafi ɗakin bincikenta na tsirrai tun safe, mijinta Bahauddeen ya bi nasa karatun, sai ni da bango.

Amma Allah ba ya zaunar da mutum a banza. Ranar Asabar suka tura ni a keken asibiti zuwa kasuwar 'yan Sin ta Petaling. Wani ƙamshi ya tare ni. Na ga wani tsoho yana juya baƙar tsakuwa a babban kasko, a ciki akwai wasu 'ya'ya masu launin goro. Mutane sun yi layi har ya karya kwana. Na ce a sayo. Yaya, ka haɗa dafaffiyar gurjiya da gasasshen dankalin Hausa a bakinka, ka ƙara ɗan mai. Na tambayi tsohon sunan abin, ya ce berangan. Na rubuta a tafin hannuna.

Zuhra ta ce Turawa cesnat suke ce masa, ɗan wata babbar bishiya ne, kuma ba a nan ake noma shi ba, daga Sin ake kawowa, don bishiyar ƙasar sanyi ce. Sanyi! Ina ne ya fi Nguroje sanyi a duk Najeriya? Garin da gajimare ke shiga ɗakin mutum ba sallama?

Na sa ta buga mini takardu. Ashe akwai masu aure, kamar yadda muke da mangwaro mai aure. An haɗa na Sin da na Amurka, ya fito ba ya tsoron wata cuta mai cin ɓawo. An haɗa na Japan da na Turai, 'ya'yansa manya. Shekara huɗu ko biyar ya fara haihuwa, ya yi ta yi har jikan jika. Sai yarinyar nan ta ce mini, "Abba, wane sanyi ne a Mambila? An aurar da su ne don su jure inda ruwa ke daskarewa, kuma sai sun sha wannan sanyin suke fure." Na ce mata ke kin karanta, ni na gani. Ranar da na sayi motata ta farko ma masu takarda cewa suka yi hanyar Mambila za ta cinye ni. Yau tirela goma sha huɗu ke ɗauke da sunana.

Akwai shagon mamak a ƙasan benenmu, wato Indiyawa Musulmi masu shayi. Na gaya wa mai shagon shirina, da Turancina da hannu. Ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce, "Haji, berangan lah!" Ka ga, shi ma nan take ya gane abin.

To ga maganar. Gonar Malam ta bayan gari nake so. Fiyar nan arba'in da ɗaya sun tsufa, rabinsu a ƙasa suke ruɓewa. A sare su, a share wurin kafin damina. Zan zama mutum na farko da ya dasa berangan a ƙasar nan, kuma da sunan mahaifinmu za a kira gonar.

Kada ka gaya wa Zuhra. So nake ta gani da idonta.

Ka gaishe da kowa.
Ƙaninka,
Alhaji Mika'ilu Ɗan'azumi

Nguroje
14 ga Oktoba, 2016

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da aikin gwiwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Halimatu na yi maka sannu.

Na karanta takardarka sau uku. A na farko na ɗauka allurar asibiti ce ba ta sake ka ba.

Ka manta ne, ko kuwa tuna maka zan yi? Malam daga Kamaru ya ɗauko ƙwallayen fiyar nan a cikin jakar fata, da ƙafa. Duk ɗan da aka haifa masa, ko jika, ranar suna da asuba sai ya dasa ɗaya. Ba itace arba'in da ɗaya ba ne, mutane ne. Akwai tawa, akwai taka a bakin shinge, akwai ta Zuhra. Akwai ta 'yar'uwarmu Hureira, wadda yau shekara tara da rasuwarta, amma 'ya'yanta duk damina sai sun zo sun cika buhu, suna cewa za su gaida Inna.

In dasa abu kake so, ga fadama ta bakin rafi, babu komai a kanta. Ɗauki duka.

Kuma Allah Ya ba ka 'ya mai ilimin tsiro a cikin ɗaki ɗaya da kai. Mai rijiya a tsakar gida ba ya alwala da raɓa. Ka tambaye ta da kyau.

Wassalam.
Yayanka,
Abdulwahidu

Pantai Dalam
23 ga Oktoba, 2016

Yaya Abdulwahidu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, kuma ban ji daɗinta ba.

Fadama ba za ta yi ba. Takardun sun faɗa ƙarara cewa wannan bishiya ba ta son ƙafarta a ruwa, gangare take so, ƙasa mai tsanewa. Gonar Malam ce kawai. Ka ga ni ma na iya karatu in na ga dama.

Maganar tambayar Zuhra kuwa, ni na kai ta makaranta, ba ita ta kai ni ba.

Bari ka ji abin da mai gwiwa ɗaya ya yi. Ranar Talata da suka fita, na ɗauki sandunana biyu na sauka na tare tasi. Na ce wa direba ya kai ni inda ake sayar da dashe. Ya kai ni wata unguwa a bayan gari, gidajen rainon tsiro a jere sun fi ɗari. Na shiga wanda ya fi girma. Ba tafinta, ba kowa. Na nuna wa mai wurin kalmar da na kwafa a takarda, na ce, "Berangan, mai kyau, da yawa, boleh?" Boleh a yarensu shi ne zai yiwu. Ya ce, "Boleh, Haji, boleh!" Ya tambaye ni ina zan kai, na ce Afirka, ya ɗaga babban yatsa.

Yaya, ka ga ilimi! Ba a leda suke ba. A cikin kwalabe suke, 'yan tsirrai kamar yatsan jariri, a zaune kan wani abu mai kama da kamu. A ɗakin bincike ake haifarsu, ba cuta, ba ƙasa, shi ya sa suke wuce filin jirgi da takardar izini ba wahala. Na duba jikin kwalbar na ga an rubuta Pisang Berangan. Na nuna masa kalmar farko na ce wannan ne nau'in? Ya ce shi ne lamba ɗaya, duk Malesiya shi ake so. Saboda haka in wani ya tambaye ka, ka ce nau'in Pisang muka dasa, ba gama-gari ba.

Dubu biyu na ɗauka. Ejan ɗin da ke yi mini jigilar kayan mota ya gama takardu, mako mai zuwa suna Abuja, direbana zai hau da su. Mai wurin ya ba da takardar yadda za a fitar da su a sa a leda a inuwa, na fassara maka a baya.

Yanzu saura kai. Ban so in faɗi wannan ba, amma ka sa ni. Wa ya rufe gidan Malam da kwano? Wa ya kai ka Makka, ya kai Halimatu? Wa ya riƙe 'ya'yan Hureira da kake kawo mini sunanta? Shekara talatin ban taɓa neman komai a gidan nan ba, ko ƙwallon fiya ɗaya. Yau na nemi abu guda. Malam da kansa baƙon iri ya ɗauko daga wata ƙasa, mutane suna masa dariya. Ni na gaje shi, ba masu gadin itace ba.

A kira masu injin yanka. Kututturen in sun bushe a ƙone su, kada su ci wa dashe abinci.

Naka,
Alhaji Mika'ilu

Nguroje
6 ga Nuwamba, 2016

Mika'ilu,

Salam.

An yi abin da ka ce. Kwana uku masu inji suka yi. Allah Ya taimake ni da kurumta, ban ji ƙarar ba, amma ƙasa tana gaya wa ƙafata duk sanda ɗaya ta faɗi. Na ƙirga arba'in da ɗaya da tafin ƙafa.

Liman ya zo ya tsaya a bakin shinge, ya koma. Babbar 'yar Hureira ta zo daga Gembu a kan babur, ta tarar an riga an kai ga ta uwarta. Ta roƙi masu inji su yanko mata guntu, ta ɗaure a zani ta tafi. Ba ta shiga gida ta sha ruwa ba.

Yanzu daga ƙofar gida ana hango makabarta. Da ban san itatuwan ne suka rufe mana ita ba.

Kwalabenka sun iso, goma sha biyu sun fashe a hawan dutse. Sauran mun fitar, mun wanke, mun sa a leda a ƙarƙashin rumfa kamar yadda ka rubuta. Kututturen suna nan, masu inji sun bar su daidai ƙugu, ba su bushe ba tukuna.

Ka ce ba ka taɓa neman komai ba. Gaskiya ne. Yanzu ka nema, an ba ka.

Abdulwahidu

Nguroje
19 ga Disamba, 2016

Mika'ilu,

Salam. Ina fata gwiwa da sauƙi.

Na yi mako biyu ina juya wannan takarda a raina, ina cewa ko idona ne ya bi kunnena. Dashenka sun kai tsawon kamu ɗaya. Ganyen yana fitowa a naɗe daga tsakiya, ya buɗe da faɗi. Jikin ba itace ba ne, na matsa da farce, ruwa ya fito.

Na kira Halimatu ban gaya mata komai ba, na ce mene ne wannan? Ta ce, "Maigida, yau kuma ayaba ce ba ka sani ba?" Na kira mutumin da ke kawo mana ayaba daga ƙauye, ya duba, ya ce a sayar masa da ɗari.

Mika'ilu, ayaba ce.

Ga hoto Halimatu ta ɗauka. Ayaba, wadda ke bayan kowane banɗaki a Mambila. Don ita muka sare Malam?

Abdulwahidu

Pantai Dalam
20 ga Disamba, 2016

Yaya,

Haba! Haba Yaya! Wallahi da wani ne ya rubuto mini wannan da na ce hassada ce.

Kun taɓa ganin berangan ne a Nguroje da za ku san yadda yake yana ƙarami? Jariri ma ranar da aka haife shi da kowa yake kama. Abu ne mai aure, an haife shi a kwalba, dole ya zo da siffar da ba ku saba ba. Mai tallan ayaba shi ne zai yi mini fatawa a kan abin da na sayo da kaina, na karanta sunansa da idona?

Na shekara arba'in ina sayen kaya daga Kwatano zuwa Dubai, ba a taɓa sayar mini da jaki a matsayin doki ba.

Kada wanda ya taɓa dashen nan. Kuma kututturen da ka ce ba su bushe ba, yanzu rani ne, sun bushe. A tara musu karmami a ƙone su kafin Juma'a ta sama, a fara haƙa ramuka. Na san abin da ake yi, ana jan ƙafa ne don in fasa.

Da yamma in Zuhra ta dawo zan nuna mata hoton. Na so in ɓoye mata har su yi 'ya'ya, amma tunda takarda kuke girmamawa, mai takarda za ta gaya muku.

Alhaji Mika'ilu

Pantai Dalam
21 ga Disamba, 2016

Zuwa ga Baffa Abdulwahidu,

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa da girmamawa, ina gaida Gwaggo Halimatu. Bahauddeen yana gaishe ku. Ku yi haƙuri da rubutuna.

Baffa, sai jiya na san abin da ya faru. Na dawo ko jaka ban ajiye ba Abba ya miƙo mini waya ya ce, "Gaya wa Baffanki wannan ba ayaba ba ce." Na duba na ce, "Abba, ayaba ce mana. Ta wa ce?" Ya ce in sake dubawa. Na ce ya nuna mini takardar da aka ba shi a wurin saye. Ya ɗauko ta daga ƙarƙashin katifa.

Baffa, pisang da yaren Malay shi ne ayaba. Berangan kuma gaskiya sunan cesnat ne, tsohon kasuwa bai yi masa ƙarya ba. Amma akwai wata ayaba a nan da ita ma ake kira berangan, ita ce kowa ke ci. Duk wanda ya shiga gidan dashe a ƙasar nan ya ce yana son berangan dubu biyu, ayaba za a ba shi, don ba wanda ke dasa cesnat a wannan zafin. Mai wurin bai cuce shi ba. Abin da ya nema aka ba shi.

Abba bai yarda ba. Sai na shiga kicin na ɗauko nonon ayabar da na sayo a kedai, wato kanti, da 'yar takardarta a manne. Ita yake ci kullum da safe da shayi, wata uku ke nan, har yana cewa ta fi ta gida. Ya karanta takardar. Ya sake karantawa yana bin haruffan da yatsa. Sai ya zauna a ƙasa, shi da likita ya hana lanƙwasa gwiwa.

Ni a lokacin dariya ce ta kusa kama ni, Allah Ya yafe mini, don na ɗauka asarar kwalabe ce kawai. Na ce, "Abba ba komai, ai ayaba ma abinci ce, a ina za a dasa?" Bahauddeen ne ya karɓi wayar ya ga sauran takardunku, ya miƙo mini.

Baffa, har da tawa? Har da ta Gwaggo Hureira?

Ban yi masa magana ba tun jiya. Ba rashin kunya ba ne, na rasa ta inda zan fara. Ni ma da laifina. Da ya tambaye ni a farko, dariya na yi na ce wane sanyi ne a Mambila, a gaban surukinsa. Na san halin Abba. Da na zauna na bi takardun nan da shi layi-layi, da na nuna masa cewa ko cesnat na gaskiya ya samo, mai aure ko marar aure, zai yi wuya ya haihu a wurinmu, don sanyinmu na bargo ne, nasu na ƙanƙara. Kuma sai an dasa nau'i biyu kusa da juna suke ba da 'ya'ya. Ban yi ba, na buga masa takarda na tafi.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Na ga kun ce an bar kututturen daidai ƙugu. Baffa, fiya ba ta mutuwa don an sare ta a haka. In saiwar na da rai za ta yi toho, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, cikin shekara uku ko huɗu ta koma haihuwa, kuma ita ce dai wadda Kaka ya dasa. Masu gonaki da gangan suke yi wa tsofaffin itatuwa haka. Amma in wuta ta ci su, shi ke nan.

Don girman Allah kada a ƙone. A shafa musu farar ƙasa saboda rana, a kare su daga awaki.

Na kira wayar Gwaggo ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Saƙon ma alama ɗaya yake nunawa, bai isa ba.

'Yarku,
Zuhra

Pantai Dalam
26 ga Disamba, 2016

Zuwa ga Yayana Abdulwahidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani. Ban san ko wannan za ta same ka ba. Kwana shida ke nan babu layin Nguroje. Na kira direbana, yana Legas. Na kira wani a Gembu, ya ce ƙarfen sabis ne ya lalace, amma zai hau babur ya kai maka saƙo da baki. Ban san ko ya je ba. Takardata ta ƙarshe da ta shiga wayarku ita ce wadda na ce a ƙone. Ita ta samu hanya, ta Zuhra ba ta samu ba.

Yaya, ayaba ce.

Na rubuta na ajiye biro na daɗe ina kallon kalmar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Mika'ilu, da nake gane injin da aka yi wa fenti daga jin ƙararsa, na ɗauki ayaba dubu biyu a jirgin sama na kai Mambila. Kamar mutum ya yi dakon yashi zuwa Agadas. Kuma kalmar tana jikin kwalbar, da manyan baƙaƙe, ni da kaina na rubuto maka ita ina taƙama. Tambaya ɗaya zan yi wa 'yar da na haifa, a kan tabarmar cin abinci, kalma ɗaya. Na gwammace in hau tasi da sanduna biyu.

Bari in gaya maka wanda ya fi ci mini rai. Shekaranjiya na sauka wurin mai shayin nan. Na ce Bahauddeen ya biyo ni ya yi tafinta. Na ce a tambaye shi, ranar da na gaya masa shirina ya ce berangan, cesnat yake nufi ko ayaba? Mutumin ya goge hannu a tawul, ya ce ba ko ɗaya. Ashe kalmar tana da ma'ana ta uku. In mutum yana zaune ido biyu yana gina gidaje a iska, shi ma berangan suke cewa. Mafarkin rana. Cewa ya yi, Alhaji, mafarki kake. Tun ranar farko aka gaya mini gaskiya a fuskata, na ce na gode, har na ƙara masa da kyauta.

Ya ga yadda fuskata ta yi, ya kawo shayi ya ce kada in biya. Ban iya sha ba.

Maganar kwano da Makka da na yi maka, na janye ta, in ana janye irin wannan. Kai ka zauna da Malam shekara bakwai yana kwance, kana juya shi, ni ina aiko da buhun shinkafa ina jin na yi wani abu. Ka ce mini mutane ne, na ce itace ne. Ban san da wane ido zan kalli 'ya'yan Hureira ba.

Zuhra ta fara yi mini magana jiya. Ta zauna ta zana mini yadda ake raino toho a jikin kututture. Na ce ta maimaita, ta maimaita, na rubuta. Rabon da in ce wa wani ya maimaita mini abu tun ina aji uku.

Juma'ar da na sa maka ita ce wannan mai zuwa, amma na san ka, in ka ɗauki aiki ba ka jiran ranar ƙarshe. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa wani ya ƙi jin maganata ba sai yanzu.

Yaya, ka ƙone su?

Ka gaya mini ko nawa ne, kada ka rage don gwiwata.

Ƙaninka,
Mika'ilu

Nguroje
1 ga Janairu, 2017

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Layi ya dawo jiya, takardu biyu suka shigo tare. Mai babur bai zo ba.

Na fara ƙonawa ranar Laraba, washegarin umarninka. Na ce tunda kai ka ba da umarni, da taka za a fara. Ɗanya ce, kwana biyu tana ci. Da na ga ɗanya ce sai na je na duba sauran. Na tarar tara sun yi toho, har da ta Hureira. Na mayar da ashana aljihu.

Arba'in suna nan. Ka gaya wa Zuhra an shafa farar ƙasa. Tata ba ta fito ba tukuna, amma na kankare ɓawon, kore ne.

Taka ta tafi har saiwa. Ramin ya yi kyau, ga toka, sai na ga bai kamata a bar shi haka ba. Na dasa ayabarka ɗaya a ciki. Sauran na raba wa gari.

Ta kama. In ka dawo, kai za ka riƙa ba ta ruwa.

Wassalam.
Yayanka,
Abdulwahidu